Takardar bangon komin: a ji ta bakin maƙwabta kafin a aza tubali

Ƴan'uwa masu karatu, manoma da makiyaya na Affala da sauran garuruwan arewacin Adar, wanda duk ya taɓa shiga ofishin komin, ko ofishin ferefe a Tawa, ya ga takardu manne a bango kusa da ƙofa. Wasu rana ta ƙona su, wasu iska ta yage musu gefe. Yawancinmu mukan wuce su, mu yi abin da ya kawo mu, mu koma gida. To, a cikin takardun nan akwai wata iri wadda ta shafi ruwan da muke sha, da iskar da yaranmu ke shaƙa, da mashayar bisashenmu. Ita ce sanarwar da hukuma ke yi idan wani ya nemi izinin kafa wata sana'a mai iya cutar da lafiyar maƙwabta. A bakin ma'aikata sunanta binciken "komodo da inkomodo". Kalmomin na tsohon harshen Latin ne, ma'anarsu amfani da illa. Wato ana tambayar jama'a: mene ne alherin wannan abu, mene ne kuma sharrinsa?

Asalin al'amarin

Wannan tsari ya girmi ƙasarmu. A ƙasar Faransa aka fara shi, ranar 15 ga Oktoba 1810, zamanin Napoleyon, sa'ad da mutanen birane suka dami hukuma da kukan warin majema da mayanka da masana'antu. Sai aka kasa sana'o'in kashi uku bisa ga girman illarsu. Wanda ke son kafa ta kashin farko, sai an manna buƙatarsa wata guda cur a dukan garuruwan da ke cikin kilomita 5 daga wurin, don mai ƙorafi ya zo ya faɗi. Turawan mulkin mallaka suka kawo irin wannan doka ƙasashen Afirka ta Yamma a 1926. Bayan samun ƴancin kai, Nijar ta yi tata: doka mai lamba 66-033 ta ranar 24 ga Mayu 1966, kan wuraren sana'a masu haɗari, ko masu ƙazanta, ko masu takura wa jama'a. A 1976 aka ƙara mata bayanin yadda za a yi aiki da ita.

Ita ma dokar 1966 kashi uku ta yi. Kashin farko su ne waɗanda tilas a nisanta su da gidajen mutane. Na biyu ana iya barinsu kusa da gari, amma sai an gindaya musu sharuɗɗan da za su kare maƙwabta. Waɗannan biyun ba a buɗe su sai da izinin hukuma, a nan ne kuma ake neman jin bakin jama'a. Kashi na uku ƙananan sana'o'i ne, mai su yakan sanar da hukuma, ya bi ƙa'idodin da aka shimfiɗa wa kowa.

Daga baya wasu dokoki sun biyo. A rana guda, 2 ga Maris 1993, aka sa hannu kan uku da suka shafe mu: ta tsabtar jama'a, ta ruwa, da ta tsarin karkara wadda ta haifi kwamitocin filaye da muke kira kofo. A 1998 aka yi babbar dokar muhalli, a 2010 sabuwar dokar ruwa, a 2018 kuma dokar auna illar manyan ayyuka, wadda ta wajabta a zauna da mutanen wurin kafin a ba da takardar amincewa.

Yadda binciken ke tafiya

Mu ɗauki misali. A ce wani mai hali yana son ya kafa babbar majema a gefen gari, ko wurin ajiyar esansi da gazuwal, ko mayanka. Zai rubuta buƙata, ya haɗa da zanen wurin, da bayanin abin da zai riƙa sarrafawa, da inda ruwan ƙazanta zai tafi. Idan takardun sun cika, hukuma ta buɗe bincike. Ta fitar da sanarwa mai ɗauke da sunan mai buƙata, da irin aikin, da wurin, da ranar buɗe bincike da ranar rufe shi. Ta naɗa mutum guda, mai bincike, wanda zai karɓi maganar jama'a. A ajiye babban littafi a ofishin komin. Duk wanda abin ya shafa yana da ikon ya zo ya duba takardun, ya rubuta ra'ayinsa cikin littafin, ko ya faɗa da baki a rubuta masa, ko ya kawo wasiƙa a haɗa.

Ranar da wa'adi ya cika, mai bincike ya rufe littafin, ya tattara abin da aka faɗa, ya rubuta nasa ra'ayin, ya aika sama. Ma'aikatan lafiya da na muhalli da na ma'adinai su ma su ba da nasu. Daga nan hukuma ta yanke ɗaya cikin uku: ta ba da izini, ta ba da shi bisa sharuɗɗa, ko ta hana.

Mu lura da abu guda. Binciken nan ba ƙuri'a ba ce. Ko mutum ɗari sun ce ba su so, hukuma na iya ba da izini idan ba su kawo dalili ba. Mace guda kuma da ta nuna cewa ramin ƙazantar zai zauna bisa hanyar ruwan da ke gangarowa rijiyar unguwa tana iya sa a matsar da aikin gaba ɗaya. Idan littafin ya koma sama babu rubutu ko ɗaya a ciki, abin da mai bincike zai rubuta shi ne ba wanda ya yi ƙorafi. Wannan jimlar za ta zauna cikin takardun shekara da shekaru, ita za a fito mana da ita ranar da muka je kuka.

Abin da ya sa muka damu

Wani zai ce mu mutanen karkara ne, ina mu ina masana'anta? Sai mu tuna abin da ya faru ga ƴan'uwanmu na Zamfara, a Najeriya, a 2010. A ƙauyukan Anka da Bukkuyum mutane sun riƙa kawo duwatsun zinariya cikin gari, suna niƙa su da injin irin na niƙan hatsi, suna shanya garin a tsakar gida inda yara ke rarrafe. Duwatsun na ɗauke da dalma. Ƙurar ta shiga ƙasa, ta shiga abinci, ta shiga jinin yara. Fiye da yara 400 suka rasu, dubbai kuma sai da aka yi musu magani mai tsawo, aka kankare ƙasar gidaje aka zubo sabuwa. Ba wata babbar masana'anta a wurin. Injin niƙa ne da turmi, a cikin unguwa.

Akwai kuma Tibiri ta Gobir, kusa da Maraɗi. A can abin alheri ne ya zo da cuta. Rijiyar burtsatse, wadda muke kira foraj, da garin ya fara sha a 1985, ruwanta na da sinadarin fuliwo ninkin-ba-ninkin abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yarda da shi, wato miligiram 1.5 a lita guda. Shekaru suka wuce kafin a gane. Haƙoran yara suka rine, ƙafafun ɗaruruwansu suka lanƙwashe. Wata ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta duniya ta fitar da rahoto kan lamarin a 2002. Tun daga nan ya kamata kowane gari da aka kawo wa sabon ruwa ya tambaya da ladabi: an auna shi? Ina takardar awon?

A jaharmu ma mun ga abin da ke iya fitowa daga jini da tumbin dabba. A 2016 zazzaɓin Rift ya ɓulla a yankin Cintabaradan da Tasara, ya kashe fiye da mutum 30, akasarinsu makiyaya. Cutar na kama mutum ta hanyar taɓa jinin dabba marar lafiya, ko ɓarin da ta yi, ko ɗanyen nononta. A 2021 kuma amai da gudawa ya kama fiye da mutum 5,000 a ƙasar nan, Tawa na cikin jahohin da ya taɓa. Inda aka kafa mayanka, da inda jininta ke kwarara, da nisanta da rijiya, duk maganar rai ce.

Manyan ayyuka ma ba su yi nisa da mu ba. Malbaza na da masana'antar siminti tun shekarun 1960. A Salkadamna, wajen kilomita 80 arewa maso yammacin Tawa, akwai gawayin ƙasa mai yawa, har an aza tubalin aikin haƙarsa da na tashar lantarki a 2014. Irin wannan aiki yana kawo wuta da aikin yi ga samari, yana kuma zuwa da ƙura da hayaƙi da buƙatar ruwa mai yawa a ƙasar da ruwa ke da zurfi. Shi ya sa doka ta ce a yi taron jin ra'ayi, a rubuta abin da mutane suka faɗa, a haɗa shi cikin rahoton da za a kai ofishin ƙasa mai auna illar ayyuka ga muhalli, a Yamai. A Najeriya, bisa dokarsu ta 1992, akan baje irin wannan rahoto kwanakin aiki 21 don jama'a su duba.

Inda gizo ke saƙa

Gaskiya ita ce, tsarin yana da kyau a takarda, amma sau da yawa ba ya isowa kunnen wanda aka yi shi dominsa. Sanarwar da Faransanci ake rubuta ta. Ana buga ta a jaridar Le Sahel wadda ba ta zuwa ƙauye, a manna kwafi guda a bangon komin, mai yiwuwa tafiyar rabin yini daga garin da abin ya shafa. Tun watan Maris 2025 kundin sake gina ƙasa ya mai da Hausa harshen ƙasa. Muna ganin lokaci ya yi da duk sanarwar da ta shafi lafiyar jama'a za ta fito da Hausa, da Tamajak, da Fulatanci inda ake jin su, a karanta ta a rediyon karkara, a ba sanƙira ya zagaya da ita ranar kasuwa, liman kuma ya faɗe ta bayan sallar Juma'a. Kofo ta riga ta nuna hanya: kafin ta ba da takardar gona takan yi shela, don mai da'awa ya fito tun da wuri. Abin da ake yi wa iyakar gona ya fi cancanta a yi wa rijiyar gari.

Sai maganar lokaci, wadda a Adar ba ƙarama ba ce. Idan aka buɗe bincike da rani, rabin mazan gari suna bida, wasu a Abijan, wasu a Libiya ko Aljeriya, wasu a Najeriya. Idan da damina ne, kowa na gona tun asuba, makiyaya kuwa sun yi arewa da bisashe. Makiyayin da ya tafi a watan Yuli zai dawo bayan girbi ya tarar an rufe littafi, an kuma kewaye wani wuri a bakin tabkin da yake shayarwa. Don haka wakilan makiyaya da ke cikin kofo su riƙa leƙa bangon komin a madadin waɗanda suka tafi, yanzu kuma da salula ta wadata, a kira su a gaya musu.

Mata su ne suka fi zama gari a kowane lokaci, su ke ɗibar ruwa, su ke jinyar yaro idan ya kwanta. Sun fi kowa sanin rijiyar da ke canza ɗanɗano bayan ruwan sama, da hanyar da malale ke bi. Amma idan aka kira taro a ƙofar mai gari, sukan tsaya daga baya, ko ba su zo ba sam. Doka ba ta ce littafin na maza ne ba. Ƙungiyoyin mata na adashi da na garake suna iya rubuta takarda guda da sunan ƙungiya, shugabarsu ta kai.

Akwai kuma kunya da tsoro. Mai buƙatar sau da yawa ɗan gari ne, mai hannu da shuni, wanda ya taɓa ranta wa wani hatsi a shekarar yunwa. Wa zai je ya rubuta sunansa a kansa? Mun san nauyin wannan. Abin da za mu ce shi ne, ƙorafi na gaskiya taimako ne ga shi mai aikin. Gara a ce masa ya matsa mita ɗari biyu tun bai sayi siminti ba, da a zo a rufe masa wuri bayan ya zuba dukiyarsa.

Yadda ake ƙorafi mai amfani

Da farko a je a karanta takardun, ko a tafi da wanda zai karanta ya fassara: malamin lakkwal, ko malamin yaƙi da jahilci, ko ɗalibin da ya zo hutu. A rubuta ranar rufewa a wuri mai kyau, don bayan ta ba a karɓar magana cikin littafin. Sa'an nan a je wurin da ƙafa, a auna. Taki nawa ne daga wurin zuwa rijiya mafi kusa, zuwa lakkwal, zuwa gidan likita, zuwa burtali? Ma'aikatan lafiya na ba da shawarar a bar aƙalla mita 30 tsakanin ramin masai da rijiya, ramin kuma ya kasance ta gangare. To, balle ramin majema ko na mayanka, wanda ke karɓar ƙazanta kullum.

A duba iska. A ƙasarmu iskar hunturu daga gabas maso arewa take busowa, ta damina kuwa daga yamma maso kudu. Abin da ke fitar da hayaƙi ko ƙura ko wari, idan aka sa shi gabas da gari, duk hunturu a cikin ɗakunanmu zai kwana. A duba gangaren ƙasa, a tambayi tsofaffi inda ruwa ya bi a shekarar da aka yi ambaliya. A je wurin majo na gidan likita a nemi shawararsa, da ma'aikacin tsabta, da na kiwon bisashe.

Mu tsaya kaɗan kan jima, da yake sana'ar gado ce a Adar, ba kuma wanda ke son ta mutu. Majemi na jiƙa fata cikin ruwan toka don gashi ya saki, ya kankare, ya sa ta cikin ruwan kashin kaji ko na tantabara ta yi laushi, sa'an nan ya jeme ta da bagaruwa. Kowane mataki na barin ruwa mai wari da guntayen nama masu kiran ƙuda da karnuka. Fatar dabbar da ciwon saifa ya kashe kuma tana iya harbin mai taɓa ta. Kakanninmu sun san haka, shi ya sa majema da marina a bayan gari suke. Gari ne ya girma ya cim musu. Wanda ya je Kano ya ga abin da manyan majemun zamani na Sharaɗa da Challawa suka yi wa ruwan kogi, su da ke aiki da sinadarai masu ƙarfi a maimakon bagaruwa. Saboda haka tambayar farko ga mai sabuwar majema ita ce: da me za ka jeme, ina kuma ruwan zai tafi?

Takardar ƙorafi ba ta son tsawo, ba ta son zagi. Ga yadda za ta iya kasancewa:

"Zuwa ga mai bincike. Mu mazauna unguwa kaza, a garin kaza, cikin komin ta Affala, mun ga sanarwar buƙatar kafa mayanka a wuri kaza. Mun auna, tsakanin wurin da rijiyar da gida arba'in ke sha taki sittin ne, wurin kuma ya fi rijiyar tudu. Da damina ruwa daga can yake gangarowa. Ba mu ƙi mayanka ba, muna bukatarta. Muna roƙon a matsar da ita yamma da gari, bayan rijiyar, a yi mata daɓen siminti da rami mai murfi, a kewaye ta. Mun sa hannu, ranar kaza ga watan kaza."

Kowa ya sa hannu ko ya dangwala yatsa. A yi kwafi biyu. A ba da ɗaya, a roƙi a buga hatimi da kwanan wata a kan ɗayar, a ajiye ta wurin mai gari ko shugabar ƙungiya. Wanda ya yi magana da baki, ya ce a karanta masa abin da aka rubuta kafin ya dangwala.

Masu karatu za su ga takardar nan ba ta ce a hana ba, sharaɗi ta nema. Mafi yawan lokaci wannan ya fi samun karɓuwa. Gari na bukatar injin niƙa don mata su huta da daka, yana bukatar wurin sayen mai, da mayanka mai tsabta, da shagon maganin ƙwari kusa da masu garake. Ana iya neman injin ya daina aiki da dare, tankin mai ya nisanci masu tuya da makera, shagon maganin ƙwari kada ya haɗa bango da rumbun hatsi ko mai sayar da abinci. Wanda kuma ya kai ƙorafi don hassada ko tsohuwar gaba, mai bincike zai gane, ya kuma rage wa maganar sauran nauyi.

Ɗakin shan magani mai zaman kansa da wurin sayar da magunguna su tasu hanyar daban ce. Izininsu daga ma'aikatar kiwon lafiya yake fitowa, dokar magunguna ta 10 ga Janairu 1997 ta kuma keɓe sayar da magani ga waɗanda aka yarje wa. Idan sabon wuri ya buɗe a gari, ba laifi ba ne mai gari ya nemi ganin takardar izini. Idan babu, a sanar da likitan gunduma a Tawa.

Bayan an ba da izini

Rufe littafi ba shi ne ƙarshen magana ba. Takardar izini na ɗauke da sharuɗɗan da aka gindaya, sai a nemi sanin su. Idan an ce a yi rami mai murfi ba a yi ba, a fara da yi wa mai wurin magana a gaban mai gari. Idan bai gyara ba, a rubuta wa shugaban komin, wanda tun watan Afrilu 2024, da aka rushe majalisun komin, kantoma ne da gwamnati ta naɗa. A aika kwafi ga ma'aikatan tsabta da ferefe, a haɗa da waccan takardar mai hatimi. Hukumar da ta ba da izini tana da ikon ta ja kunne, ta dakatar da aiki, ko ta rufe wurin. Idan duk an bi waɗannan ba a dace ba, sauran kotu, ita kuma tana da wa'adin da ake kai mata ƙara kan hukuncin hukuma, don haka kada a yi jinkirin neman shawarar masanin doka.

Ga cibiyoyin yaƙi da jahilci na Affala, Barmu, Kalfu, Bambai, Takanamat da Tabaram, muna ba da shawarar kowace ta zaɓi mutum biyu, namiji da mace. Duk wanda a cikinsu ya je hedkwatar komin, ya tsaya gaban bangon nan, ya kwafo kan kowace sabuwar sanarwa da ranar rufewarta cikin littafinsa, ko ya ɗauko hotonta da salula, a kawo aji a karanta tare a darasi na gaba.